Tsakanin Ƙaga da Tunawa: Waiwaye a Kan Tarihin Ƙagaggun Labaran Hausa da Matsayinsu a Manhaja

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da Shaihu Umar ko Ganɗoki a aji ya san tambayar da ɗalibai kan yi da zarar an rufe littafi: "Malam, shin wannan abu ya faru da gaske?" Amsar da aka saba bayarwa ba ta wuce ɗayan biyu. Wani malamin ya ce ai ƙagaggen labari ne, marubuci ne ya zauna ya shirya abinsa, don haka babu ko ƙamshin gaskiya a ciki. Wani kuma ya ce tarihi ne, haka kakanni suka rayu. Kowace daga cikin amsoshin nan tana tauye ɗalibi. Ta farko tana sa ya raina littafin, ta biyu kuwa tana sa ya haɗiye duk abin da ke ciki ba tare da ya tauna ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan tambaya a cikin tarihin rubutaccen zube na Hausa. Za a duba dalilan da suka sa marubutan farko suka ɗauki alƙalami, da yadda suka sarrafa abin da jama'arsu ke tunawa suka mayar da shi labari. An fi mayar da hankali a kan littattafai biyu daga cikin biyar na gasar 1933, domin su ne suka tunkari tarihi kai tsaye. Daga ƙarshe an kawo shawarwari ga malamai da masu tsara manhaja.

2.0 Matsayin Ƙaga Labari Kafin Zuwan Boko

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe ya shata iyaka tsakanin tatsuniya da labari. Tatsuniya ta dare ce, tsofaffin mata da yara ne ma'abotanta. Ana buɗe ta da "Ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da "Ƙurunƙus kan kusu, ba don gizo ba da na yi ƙarya". Ke nan mai tatsuniya da bakinsa yake sanar da masu sauraro cewa kada su nemi shaida. Labari kuwa na manya ne, a zaure ko a fada ake ba da shi, ya shafi yaƙe-yaƙe da sarakuna da fatake, kuma mai ba da shi yakan faɗi wanda ya ji daga bakinsa ko ya ce da idonsa ya gani.

Shi kuwa rubutu, a hannun malamai yake, cikin Larabci da ajami. Abin da ake rubutawa shi ne tauhidi da fiƙihu da wa'azi da wasiƙun sarakuna da tarihi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u sun yi waƙoƙi domin karantar da jama'a addini. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812 domin adana labarin jihadi da na ƙasashen da ya shafa. Takarda ma a lokacin abu ce mai tsada, fatake ke ƙetaro hamada da ita. Saboda haka sai ya zama abin da duk aka ga an ɓata tawada a kansa, ana ɗaukarsa gaskiya ne.

Ba a ce malamai ba su san ƙagaggen zance a rubuce ba. Suna karanta Muƙamatul Hariri domin ƙwarewa a lugga, wasu kuma sun san Alfu Laila. Haka nan tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga juzu'i uku na tatsuniyoyi da labarai waɗanda malamai suka rubuta cikin ajami. Sai dai wancan na Larabawa ne, wannan kuma tattara abin da ke bakin jama'a ne. Malami ya zauna ya ƙirƙiri dogon labari da Hausa ya sa sunansa a kai, wannan baƙon abu ne.

3.0 Gasar 1933 da Dalilin Rubutu na Farko

Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara a 1929 domin samar wa makarantun boko littattafai. A 1933 aka mayar da ita Hukumar Talifi, tana da mazauni a Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East. An lura cewa yaran da suka koyi karatun boko ba su da abin karantawa na jin daɗi, don haka aka shirya gasar ƙaga labari. East ya zagaya manyan garuruwa yana yi wa malamai bayani. A wata maƙala da ya buga a 1936 ya nuna cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan masu ilimi su yarda cewa rubuta labarin da bai faru ba aiki ne da ya dace da mutum mai mutunci.

Littattafai biyar aka buga sakamakon wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Ke nan dalilin rubutu na farko daga waje ya zo: hukuma ce ta nema, makaranta ce kasuwa, kuma Bature ne edita. Wajibi ne mai nazari ya riƙe wannan a zuciya, domin wanda ya ba da filin noma yana da ta cewa a kan abin da za a shuka.

Amma hukuma gasa kawai ta sa, ba ita ta zaɓa wa kowa abin da zai faɗa ba. A nan ne ake ganin dabarar da marubutan suka yi wa matsalar ƙarya. Uku daga cikinsu sun sa labarin a bakin wani mutum da ke ba da tarihin rayuwarsa ga masu sauraro. Alhaji Imam yana ba Koje Sarkin Labari, Ganɗoki yana ba yara, Shaihu Umar yana ba almajiransa. Wato sun guje wa rigar tatsuniya, sun ari rigar labari, irin na dattijo a zaure wanda ya ce da idonsa ya gani. Da wannan ne ƙagaggen labari ya sami izinin shiga cikin manya.

Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya bi hanyar raha. Ya ba tauraronsa sunansa, ya ambaci garuruwa na zahiri irin su Kwantagora, sa'annan ya cika littafin da damfara da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, a kan tsarin da ya aro daga Muƙamatul Hariri. Babu mai karanta Ruwan Bagaja ya ɗauka tarihi ne. Gaskiyar da ke cikinsa ta halayen mutane ce: kwaɗayi da wauta da malamin tsibbu da alƙali mai saurin hukunci. Wansa Bello Kagara da kuma Tafawa Ɓalewa su ne suka taɓo abin da ke yi wa jama'a ciwo.

4.0 Shaihu Umar: Tunawa da Bauta

An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912, kuma yana matashin malamin makaranta a Bauchi ya rubuta wannan littafi. Bai ga zamanin harin bayi da idonsa ba. Sai dai ya tashi a tsakiyar mutanen da suka gani. Dokar da Lugga ya yi a 1901 ta haramta kama bayi da cinikinsu, ta kuma 'yanta yaran da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara, amma ba a soke bauta ɗungurungum a dokar Arewa ba sai a 1936. Ma'ana, a lokacin da yake rubutu akwai tsofaffi a gidaje da rumada waɗanda aka kamo suna yara, suna iya tuna sunan garinsu da na uwayensu.

Littafin ya ba da labarin Umar, wanda ya taso a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafade. Bayan wani hari da aka kai ƙasar Gwari, 'yan hassada suka yi wa Makau sharrin ɓoye bayi, aka kore shi daga gari. Daga nan gida ya watse. Aka sace Umar yana ƙarami, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetara hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi. Uwar ta fita nemansa, ita ma aka yaudare ta aka sayar. Sun sadu a ƙasar Larabawa bayan shekaru, ta rasu ba da jimawa ba. Umar ya komo ƙasar Hausa ya zauna a Rauta yana karantarwa.

Idan aka aza wannan labari a ma'aunin tarihi, za a ga kashi uku. Akwai abin da ya tabbata: hare-haren da ake kai wa ƙasar Gwari, da kasuwar bayi, da ayarin da ke bi ta Murzuk zuwa Tarabulus, da Rabeh wanda Faransawa suka kashe a Kusuri a 1900. Akwai abin da jama'a ke tunawa wanda ba a rubuta a kundin sarakuna ba: fargabar uwa idan yaro ya ɓace, da yadda ɗa kan wayi gari bawa. Sa'annan akwai abin da marubuci ya ƙaga: Umar kansa, da kurar da ta kashe wanda ya sace shi, da haɗuwar ɗa da uwa a wata nisan duniya.

Kashi na biyu shi ne babbar gudummawar littafin. Tarihin Kano da makamantansa sukan ambaci bayi ne a matsayin ganima, a faɗi yawansu a wuce. Tafawa Ɓalewa ya ɗauko mace guda daga cikin wannan adadi ya ba ta zuciya da hawaye. Abin da ya zana kuwa ya dace da shaidar waɗanda suka ba da labarin kansu. Dorugu, wanda aka kama yana yaro a yankin Damagaram kuma daga baya ya bi Barth zuwa Turai, ya faɗi yadda aka raba shi da iyayensa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ta faɗi yadda mahara suka kwashe danginta har sai da aka biya fansa.

Duk da haka akwai inda littafin ya yi shiru. Mutanen Gwari da aka kai wa hari ba su da suna, ba su da murya. Abin da labarin ya ɗauka a matsayin zalunci shi ne sharrin da aka yi wa Makau da kuma bautar da 'ya'ya Musulmi, ba shi kansa harin ba. Haka nan jigon haƙuri da yarda da ƙaddara ya lulluɓe komai, har ya zama ta hanyar bauta ce Umar ya sami ilimi da ɗaukaka. Wannan shirun ma shaida ce ta tarihi, domin yana nuna iyakar abin da matashin ɗan boko zai iya gani, ko zai iya faɗa, a Arewa ta 1933.

5.0 Ganɗoki: Tunawa da Faɗuwar Daula

Bello Kagara ya girmi Imam da shekaru masu yawa, kuma yana yaro aka ci ƙasar. Rabin farko na Ganɗoki ya bi sawun abubuwan da suka faru: faɗuwar Bida da Kwantagora a 1901, da gudun Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, da cin Kano da Sakkwato a 1903, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya zuwa gabas har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. A cikin waɗannan yaƙe-yaƙe marubucin ya jefa jaruminsa, mai kirari da cika baki, wanda ba ya gudu kuma ba a kayar da shi.

Bayan Burmi sai labarin ya saki ƙasa. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa ƙasashe masu nisa, suna yaƙar aljannu da arna suna musuluntar da su. Daga ƙarshe ya komo gida ya tarar zamani ya sake, ya kuma rungumi sabon tsarin. Manazarta sun daɗe suna kallon wannan rabi na biyu a matsayin rauni na zubi. Ana iya yi masa wata fassarar. Jarumin da bindiga mai ruwa ta hana shi nasara a ƙasarsa, sai marubuci ya kai shi inda takobi ke da sauran amfani. Tarihi ya ce an ci mu da yaƙi, almara ta zo ta yi wa zuciya magani. Komowarsa da yabon sabon zamani kuwa, ba za a raba shi da cewa hukumar Turawa ce za ta buga littafin ba.

Akwai wani darasi da ke fitowa idan aka jera Ganɗoki da tarihin Baba ta Karo. Nagwamatse, wanda Ganɗoki ke yaƙi a ƙarƙashin tutarsa yana alfahari, shi ne Mai Sudan wanda Baba ke tunawa da mutanensa a matsayin masu satar jama'a a ƙauyukan Zazzau. Mutum ɗaya, zamani ɗaya, amma barde da 'yar manomi kowa da abin da ya riƙe. Ba a bukatar a ce ɗayansu ya yi ƙarya. Tunawa takan bi inda mutum yake tsaye lokacin da abin ya faru.

6.0 Sauyin Dalilin Rubutu Bayan 1970

Shekaru da dama rubutun zube ya ci gaba da dogaro da hukumomi: Kamfanin Gaskiya daga 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin NNPC daga 1966. Gasar da NNPC ya shirya a 1978 ta fito da Mallakin Zuciyata da So Aljannar Duniya da Amadi na Malam Amah. Littattafan da suka fito a 1982 daga gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya sun juya ga zamanin da ake ciki. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona fasa-ƙwauri da cin hanci, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa ya taɓo ta'addancin da ya biyo bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A nan ƙaga suna da gari ya zama garkuwa: marubuci ya faɗi abin da kowa ya sani ba tare da ya kama sunan kowa ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa, musamman mata, suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, abin da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo. Ba tarihin rayuwarta ba ne kalma da kalma, amma mikin da ta ji ne ya zama tawadarta. Muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990 a kan waɗannan littattafai, idan aka duba da kyau, tsohuwar tambayar 1933 ce ta dawo: shin ya dace a rubuta irin wannan, kuma shin gaskiya ne? Bambancin shi ne a da hukuma ce ke roƙon a rubuta, a wannan karon kuwa marubuci ne ya ga ba zai iya yin shiru ba.

7.0 Abin da Wannan Tarihi Ke Nufi ga Manhaja

Batun yana da nauyi saboda dalilai biyu. Na farko, darasin Tarihi ya shafe fiye da shekara goma ba ya tsaye da ƙafarsa a manhajar firamare da ƙaramar sakandare, kafin gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da komo da shi a 2022. Ɗalibai da yawa na wancan tsakani, waɗanda wasunsu su ne malamai a yau, a darasin adabi suka fara jin sunan Burmi ko Rabeh. Na biyu, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta buɗe ƙofar koyar da Hausa ga waɗanda ba harshensu na gado ba ne. Ga ɗalibi a Aba ko Ibadan, ƙagaggen labari na iya zama tagar farko da zai leƙa Arewa ta cikinta. A Minna ko Abuja kuwa, mai yiwuwa jikan waɗanda aka kai wa hari ne ke zaune a aji ana karanta Shaihu Umar. Bisa wannan ake ba da shawarwari kamar haka:

(a) A ƙara wa jigo da salo da zubi da taurari wani ɓangare na nazari, wato yanayin samuwar littafi: wa ya rubuta, yaushe, wa ya nema, wa ya buga, kuma don wa.

(b) A horar da ɗalibai su rarrabe abu uku a cikin nassi: abin da tarihi ya tabbatar, da abin da jama'a ke tunawa, da abin da marubuci ya ƙaga. Babi ɗaya na Ganɗoki ya isa a yi wannan aiki a darasi guda.

(c) A riƙa haɗa ƙagaggen labari da wata shaida ta zamaninsa, kamar tarihin Baba ta Karo ko na Dorugu, domin ɗalibi ya ji murya fiye da ɗaya.

(d) A koya wa ɗalibai tambayar wane ne bai yi magana ba a cikin labari. Jagoran malami ya tanadi bayani a kan kalmomi irin su arne da bawa da kuyanga, yadda za a fassara su a muhallinsu na tarihi ba tare da an muzanta wani ɗalibi ba.

(e) A ba ɗaliban babbar sakandare aikin tattaro labari daga bakin wani tsoho a gidansu, su rubuta shi yadda aka faɗa, sa'annan su sake rubuta shi a matsayin ƙagaggen labari, su bayyana abin da suka ƙara da dalilin ƙarawa.

(f) Masu tsara tambayoyin jarrabawa su rage tambayoyin haddar sunaye da jerin aukuwa, su ƙara waɗanda ke neman ɗalibi ya auna labari da hujja.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ƙagaggen labarin Hausa ya samu ne a cikin al'ummar da ke ɗaukar rubutu a matsayin mazaunin gaskiya, don haka tun farko marubuta suka jingina ƙagarsu da abin da jama'a ke tunawa. Sun yi rubutu domin an nema, da domin nishaɗi, da domin gargaɗi, da kuma domin kada abin da tsofaffi suka gani ya bi su kabari. Shaihu Umar da Ganɗoki ba za su maye gurbin littafin tarihi ba, amma sun adana abin da kundin sarakuna ya tsallake, kuma inda suka yi shiru ma akwai abin koyo. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Idan ɗalibi ya sake tambaya ko abin ya faru da gaske, amsar da ta dace ita ce malami ya mayar da shi cikin littafin, su tantance tare wane ɓangare ne ya faru, wane ne aka tuna, wane ne aka ƙaga, da kuma abin da ya sa marubucin ya ga bukatar ƙagawa.